Ƙofofin ruwa: daga kanal ɗin Ƙonni zuwa jiragen Ingila masu ƙofa a gefe

Da zarar damina ta ɗauke, gero da dawa suka shiga rumbu, hankalin manoman Birnin Ƙonni kan koma kan wasu ƙofofin ƙarfe waɗanda yawancin mutanen gari ke wucewa ta gefensu bisa babur ba tare da sun waiwaya ba. Ba wasu ƙofofi ba ne na a zo a gani: faifan ƙarfe ne da ke hawa da sauka cikin ramin siminti, da dogon ƙarfe mai zare, da abin juyi a sama mai kama da sitiyarin mota, wani lokaci da kwado a maƙale. Amma ta ƙarƙashinsu ne ruwan alkama da albasa da kabeji da tumatir ke bi. Lokacin da aka buɗe su, da yadda aka buɗe su, na iya raba manomin da zai biya bashin taki da wanda bashin zai kwana a wuyansa har baɗi.

Ruwan dai na gulbin Majiya ne, wanda ke tattaro ruwan duwatsun Adar ya gangaro kudu maso yamma. An tare shi a madatsu biyu, ta Mozage da ta Zango. Ta Mozage ce a sama, ita ce babban rumbun. Idan aka sako ruwanta sai ya gangara Zango, daga nan babban kanal mai tsawon kimanin kilomita 15 ya ɗauke shi zuwa matattarar Cerasa da ke kusa da gari, sannan a rarraba shi cikin matsakaitan kanal da ƙanana har bakin fili. An gina wannan tsari kashi biyu, a ƙarshen shekarun 1970 da farkon shekarun 1980, kuma faɗin filin ya kai hekta 2,452, abin da ya sa yake cikin mafiya girma a Nijar. Hukumar ONAHA, wadda aka kafa a 1978 don kula da filayen ban ruwa na ƙasa, ita ce ke sa ido a kansa tare da ƙungiyoyin manoma.

Abin da ya bambanta shi da yawancin filayen shinkafa na bakin kogin Kwara shi ne babu injin da ke tura ruwan. Gangaren ƙasa ne kawai ke jan sa. Wannan sauƙi ne, don ba a sayen gazuwal ko biyan kuɗin wuta kafin ruwa ya zo. Sai dai kuma ruwan da ke tafiya da kansa ba shi da makunnin da za a kashe. Ƙofa ce kaɗai ke tsayar da shi, ita ce ke auna shi, ita ce ke nuna masa inda zai bi.

Shekaru sun ci madatsun da laka da yashi, kanal ya tsattsage, ƙofofi da yawa sun yi tsatsa, har ta kai wani ɓangare ne kawai na filin ke samun ruwa da rani. Gyaran filin Ƙonni na cikin manyan ayyukan yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a watan Yulin 2016, ta dalar Amurka miliyan 437, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2018 kuma ta haɗa da hanyoyi da wasu ayyukan noma da kiwo. An sabunta kanal da ƙofofi. Amma sabon ƙarfe ba ya sauya halin ruwa.

Nauyin da ido ba ya gani

Ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe lita 1,000 ne, wato tano biyar masu cin lita 200, kuma nauyinsa tan guda. Idan ƙofa mai faɗin mita ɗaya ta tare ruwa mai zurfin mita ɗaya, ƙarfin da ke tura ta daidai yake da nauyin buhu biyar na gero masu kilo ɗari-ɗari. Idan zurfin ya koma mita biyu, ba buhu goma zai zama ba, buhu ashirin ne, domin ruwan ƙasa yana ɗauke da nauyin na sama. Shi ya sa ƙofar da yaro zai iya juyawa da hannu ɗaya sa'ad da kanal ya bushe takan gagari ƙato idan ruwa ya cika a bayanta.

Akwai kuma gudu. Ruwan da ke fita ta ƙarƙashin ƙofa a zurfin mita biyu yana iya gudun da ya wuce mita shida a daƙiƙa guda, kimanin kilomita 22 a awa, gudun mai keke da ya dage. A sama fuskar ruwan lumui take, tsinke ma yana yawo a hankali, amma a ƙasa ja yake yi zuwa bakin ramin. Duk abin da ya kusanci wurin, tsumma ne, ko akuya, ko ƙafar yaro, ruwan zai manna shi da ƙarfen.

Inda aka fi sanin wannan hali na ruwa, har aka mai da shi ƙa'idar da ake koya wa kowa kafin a ba shi jirgi, shi ne ƙasashen da jirage ke bin kanal suna hawa tudu.

Yadda jirgi ke hawa tudu

Kanal ɗin Ƙonni ba na jirgi ba ne. A Turai kuwa an haƙa kanal ne tun farko don jigilar kaya, kafin zuwan jirgin ƙasa. Da yake ƙasa ba shimfiɗe take ba, sai aka yanka kanal ɗin hawa-hawa, tsakanin kowane hawa da na gaba aka gina wani dogon ɗaki marar rufi, mai ƙofa a kowane ƙarshe. Faransawa na kiran sa écluse, a Hausa za a iya ce masa ɗakin ruwa. Jirgin da zai hau sai ya shiga ta ƙofar ƙasa a rufe ta, a buɗe wasu ƙananan tagogi a ɓangaren sama ruwa ya shigo, jirgi ya dinga tashi tare da ruwan har ya yi daidai da hawan sama, sannan a buɗe ƙofar gaba ya wuce. Mai sauka kuma akasin haka: a rufe shi ciki, a zubar da ruwan, ya yi ƙasa.

Dabarar tsohuwa ce. An rubuta cewa wani jami'in ƙasar Sin ya gina irin wannan ɗaki a shekarar 984. Faransa ta buɗe Canal du Midi, mai tsawon kilomita 240, a 1681. Mashigin Panama da aka buɗe a 1914 da ita yake ɗaga manyan jiragen teku mita 26, yayin da na Suwez bai buƙace ta ba saboda ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya ce. A Afirka ta Yamma ma akwai ɗakunan ruwa a madatsar Markala ta Mali, da ta Kainji a Najeriya wadda aka kammala a 1968, da ta Diama a kan kogin Senegal.

Babbar ƙofar ɗakin ba ta buɗuwa sai ruwan gefe biyu ya yi daidai. Bambancin santimita goma kawai, ƙasa da taƙi guda, a kan ƙofa mai faɗin mita biyu da zurfin mita uku, ya kai nauyin buhu shida. Mai gaggawa sai dai ya jingina da ita ya jira.

A Ingila da Wales akwai kanal da koguna na kimanin kilomita 3,200 a hannun wata ƙungiya mai suna Canal & River Trust tun 2012. Da yawa daga ɗakunan ruwan can matsattsu ne ƙwarai, don haka jiragen ma sirara ne: faɗinsu mita biyu da ɗan ɗoriya, tsawon wasu ya kai mita 21. A da gawayin kwal da tukwane suke ɗauka. Yau mutane ke kwana ciki, wasu na hutu, wasu kuma gidansu ke nan, da gado da murhu da makewayi. Ɗaki dogo irin wannan da ƙarfe aka yi shi, da bazara yakan yi zafi, shi ya sa masu ƙira kan yanka masa ƙofa a gefe, mai marfi biyu da ke buɗewa waje, wani lokaci da murfi a samanta. Ta nan iska ke shiga, ta nan ake miƙa kaya, ta nan mai girki ke leƙa waje.

Wannan ƙofa ce tsofaffin matuƙa ke cewa a rufe kafin a shiga ɗakin ruwa, kuma dalilansu sun fi ɗaya.

Bangon ɗakunan na tubali ne, wasu sun haura shekara 200. Duk lokacin da ɗakin ya cika, ruwa kan kutsa cikin tsagar bangon ya taru a bayansa. Da an zubar da ruwan ɗakin, sai wanda ya ɓuya a bango ya dinga feshowa kamar an huda salka. Jirgin kuwa yana ƙasa, bango na tsaye a kansa ta gefe biyu, kuma ƙofar gefe na iya tsayawa daidai saitin feshin. A mafi yawan lokuta abin da ke biyo baya jiƙaƙƙen gado ne da ɓacin rai, amma ruwan da ya shiga jirgi ba ya fita da kansa. Ƙasa yake sauka ya ƙara wa jirgin nauyi.

Sai matsi. A matsattsen ɗaki, ratar da ke tsakanin jirgi da bango ba ta wuce ƴan santimita ba. Marfin da bai kwanta sosai a jikin jirgi ba yana iya kama wani tubali da ya turo kai, ko ƙarfen tsani. Jirgi mai nauyin tan goma sha wani abu yana tashi ko yana sauka, marfin kuma ya tsaya cik: ko dai ya ɓalle, ko ya karkatar da jirgin. Haka nan yaro ko kare da ya leƙo kai ta wannan ƙofa yana tsakanin ƙarfe da bango ne, a wurin da matuƙin da ke tsaye can baya ba ya hangowa.

Babban haɗarin shi ne karkata. A gindin ƙofar sama akwai wani dakali na dutse ko siminti, kamar dokin ƙofa, wanda ke ɓoye cikin ruwa idan ɗakin ya cika. Jirgin da ke sauka, idan bayansa ya hau kan wannan dakali, ruwa na janyewa sai goshinsa ya yi ƙasa bayan yana rataye. A wannan hali kowace kafa da ke jikin jirgin, ƙofar gaba ce ko ta gefe ko taga, tana matsowa kusa da ruwa, kuma wadda ke buɗe ita ce za ta fara sha. Jirgin da ƙofofinsa ke rufe yana ba mutanensa ƴan mintoci su rufe tagogin zubar da ruwa su gyara. Wanda ke buɗe ba ya ba da wannan dama. A watan Agustan 1998, a wani ɗakin ruwa kusa da ƙauyen Gargrave a arewacin Ingila, wani jirgi mai suna Drum Major ya maƙale a ƙofa yana cikin sauka, ruwa ya cika shi, mutum huɗu masu naƙasa da ke ciki suka rasu. Wurin bai kai faɗin wani tsakar gida ba, kuma da rana abin ya faru.

Akwai ma wani murfi da ba a gani, a can baya saman farfela, wanda ake buɗewa don cire ciyawa da leda da suka naɗe ta. Wanda ya manta bai ɗaure shi da kyau ba, farfelar da kanta za ta dinga watso ruwa cikin jirgin. Masuntan tabkin Ɗan Dutsi, a yankin Bagarawa da a da yake cikin gundumar Illela, ba sa buƙatar a yi masu dogon bayani a nan: sun san tazarar da ke tsakanin bakin kwalekwale da fuskar ruwa ita ce dukan jarin mai jirgi.

Ba kowa ne ke bin ƙa'idar ba. Wasu matuƙan na ganin a ɗaki mai faɗi, da rana mai zafi, barin ƙofar gefe a buɗe ba wani abu ba ne, kuma sau ɗari suna wucewa lafiya. Hujjar tasu tana da rauni, domin rufe marfi biyu bai kai minti guda ba, kuma ba wanda ke sanin ko wane ɗaki ne bangonsa ke yoyo sai ya shiga. Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne tsarin buɗe ruwan: a fara da tagogin da ke shigo da ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, a ɗaga su kaɗan-kaɗan, kada a taɓa tagogin da ke jikin ƙofar sama sai ruwa ya rufe su, don in ba haka ba ruwan zai zubo ne kai tsaye a goshin jirgi. Kuma mai juya ƙarfen ba ya barin wurin, idonsa na kan matuƙi, hannunsa a shirye ya saki tagar ta faɗa in an yi masa ihu.

A dawo gida

Wannan tsarin ne ya shafi Ƙonni kai tsaye, da Galmi a gundumar Malbaza, inda ƙaramar madatsa ke shayar da filin albasar da ta yi suna har ƙetare.

Kanal ɗin da ya daɗe a bushe ba a sako masa ruwa gaba ɗaya. Goshin ruwan yana tafe ne da kara da leda da yashi, ya tura su gaba har su toshe bakin wata gada ko bututun da ke bi ƙarƙashin hanya. Da ya toshe sai ruwan ya haura baki, ya zaizaye ƙasar da ke riƙe da simintin ta waje, faifan ya rasa madogara ya karye. Rufewa farat ɗaya ma tana da tata ɓarnar, kuma dalilin shi ne dai na bangon Ingila: ƙasar da ke bayan simintin ta sha ruwa, idan na cikin kanal ya janye da sauri sai na bayan ya turo faifan ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ta fara kamar zare, bayan damina biyu ciyawa ta kafa saiwa a ciki.

Kanal ma yana da ƙofofinsa na gefe, su ne ƙananan mashigan da ke kai ruwa cikin kowane rukunin filaye. Ta jirgi idan an bar ta a buɗe ruwa ne ke shiga inda ba a so. Ta kanal kuwa ruwa ne ke fita lokacin da ba nasa ba. An auna girman kowace ne bisa lissafin cewa yau waɗannan za su sha, gobe waɗancan. Manomin da ke kusa da kan kanal, idan ya bar tasa a ɗage da dare bayan layinsa ya wuce, ko ya fasa baki ya sa tiyo, ba ya ganin ya yi wa kowa laifi, tunda ga ruwa nan yana wucewa a gabansa. Wanda ke can wutsiyar kanal, kilomita da yawa daga nan, shi ne zai wayi gari ya tarar da abin da ya iso bai jiƙa rabin fili ba. Alkamar da ta rasa ruwa lokacin fitar da kai ba ta ramawa ko an ba ta ninki daga baya. Shi kuma mai satar bai ci riba yadda yake zato ba: ruwan da ya yi yawa yana wanke taki, yana ruɓar da albasa, yana kwanciya ya tara sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Wannan matsala ta kai da wutsiya ba ta Ƙonni kaɗai ba ce, haka take a kusan duk inda ake ban ruwa da gangare. Ita ce ta sa aka kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwan ban ruwa, waɗanda ake taƙaita sunansu da AUEI, aka raba aikin ruwa da kuɗinsa daga aikin sayen taki da sayar da amfanin gona. Kuɗin ruwan da manomi ke biya a ƙarshen kaka, wanda mutane da yawa ke ɗauka haraji ne kawai, shi ne na man shafa wa zaren ƙofa, da sauya robar da ke hana yoyo, da yasar laka, da ladan mai gadin da ke riƙe da makulli. Ƙofar da ba a shafa wa mai ba takan ƙage, kuma ta fi ƙagewa a buɗe, a ranar da ake neman rufe ta da gaggawa.

Ga mutanen gari da ba su da fili, abin da ya fi shafar su shi ne yara. Kanal yana ratsa gefen unguwanni da ƙauyuka, mata na wanki a bakinsa, yara na wanka, makiyaya na shayar da dabbobi. Gefensa a karkace yake, kuma simintin da gansakuka ta kama santsi gare shi kamar sabulu, wanda ya zame ba ya samun abin kamawa. Mai juya ƙarfe a Zango ba ya ganin wanda ke tsaye cikin kanal a kilomita na goma, ba kamar na Ingila da ke kallon matuƙinsa ido da ido ba. Abin da zai maye gurbin wannan kallo shi ne sanarwa: a san ranakun sako ruwa, a faɗa a masallaci da gidajen rediyon gari da makarantu, kuma iyaye su nuna wa yara wurare biyu da ba a kusanta ko ruwa ya yi kwance, wato gaban ƙofa da bakin bututun da ke nutsewa ƙarƙashin hanya.

A kwarin Badagishiri na gundumar Illela an fi ganin wata dabarar daban: ƙananan shingayen dutse da siminti a cikin korama, waɗanda ba a juya masu komai. Ruwan damina ya zo ya haura, ya bazu a fadama, ya nutse ƙasa, a same shi a rijiya da rani. Ba su da rigimar makulli, amma kuma ba a iya ajiye ruwansu a sako shi ranar da ake so.

Gulbin Majiya bai ƙare a Ƙonni ba. Abin da ya tsallake madatsun yana ƙetare iyaka ne ya zuba a tabkin Kalmalo, kusa da ɗaya Illelar ta jihar Sakkwato, inda masunta da manoman fadama ke jiran sa. A watan Yulin 1990 Nijar da Najeriya sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan ƙoramu huɗu da suka haɗa su, kuma Majiya na cikinsu, tare da gulbin Maraɗi, da Tagwai, da Komadugu Yobe. Yarjejeniyar ta tanadi cewa kowane ɓangare ya sanar da ɗan'uwansa kafin ya yi wani aikin da zai sauya yawan ruwan da ke isa wurinsa.